DAGA BAKIN ALLO: A Hannun Wa Take?

Ina miƙa gaisuwa ga 'yan'uwa na Mai Wurno da Sinnar da Sinja da Damazin da Rusairis, da na ƙauyuka da kambobin Jazira da Manaƙil, da kuma waɗanda har yanzu suke zaman gudun hijira ba su sami komowa ba. Allah ya mai da kowa ɗakinsa lafiya, amin.

A wannan wata ina so mu tattauna a kan wani ɗan ƙaramin abu wanda mutum zai iya saƙalawa a hammata ya tafi da shi, wato kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda yaranmu suke kira labtob. Ba kuma kowace ba, ina nufin ta gwamnati, irin wadda aka ba makaranta ko asibiti ko ofishin mahalliyya domin aikin jama'a. Tun da aka fara komowa gida aka buɗe ofisoshi da makarantu, duk inda ka tambayi ina kwamfutar wuri kaza take, amsa ɗaya za ka ji, wato an wawashe. Kalmar nan ta zama kamar babban bargo, kowa ya ja ya rufa. Abin da nake so mu duba shi ne, shin duk abin da aka rufe da bargon nan yaƙi ne ya ci shi?

Kafin in ci gaba, bari in faɗi abin da kowa ya sani, domin kada wani ya ce malam ya manta da wahalar da aka sha. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. A watan Disamba na shekarar dakarun Da'am Sari suka shiga Wad Madani, ba a kuma karɓe garin ba sai 11 ga Janairu 2025. Sinja ta faɗa hannunsu a ƙarshen watan Yuni 2024, sojoji suka koma cikinta a watan Nuwamba. A tsakanin nan an yi wawason da idonmu bai taɓa ganin irinsa ba. An shiga Jami'ar Jazira, an shiga hedkwatar Mashru'in Jazira da ke Barakat, an shiga Hukumar Binciken Aikin Gona, an shiga asibitoci da gidajen talakawa. An kwashe motoci da taraktoci da injunan ban-ruwa da faifan hasken rana. Har sabuwar kalma muka samu, shafshafa, har kasuwanni aka buɗe na musamman domin kayan da aka kwaso. Wanda aka ɗora wa bindiga a ka aka ce ya miƙo mabuɗin mahazan, babu mai hankalin da zai zarge shi. Rai ya fi dukiya, kuma ba a ɓari a kwashe daidai.

To, amma fa jama'a, ɓata iri uku ce, kuma bai kamata a zuba su a ƙwarya ɗaya ba. Akwai abin da aka ƙwace da ƙarfin bindiga. Akwai abin da ya salwanta saboda sakaci, alal misali wanda aka bari a kan tebur ƙofa a buɗe alhali an sami kwana da kwanaki ana jin labarin abin da ke tafe. Sa'an nan akwai na uku, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, wato abin da wani daga cikinmu ya ɗauka ya kai gida da sunan zai adana, ƙura ta lafa, shi kuma ya yi shiru.

Na san wata makaranta a wani ƙauye a gefen kogi, ba zan faɗi sunanta ba, wadda aka ba kwamfutoci shida kafin yaƙi. 'Yan bindiga ba su taɓa kwana a ƙauyen ba, wucewa kawai suka yi ta bakin titi. Da aka buɗe makaranta aka zauna za a yi lissafin kaya, sai aka tarar kujeru suna nan, allo yana nan, har ƙararrawar ƙarfe tana rataye a reshen dalbejiya inda aka bar ta, amma kwamfuta ko ɗaya babu. Aka tambayi mudir, ya ce wakilinsa ne ke riƙe da mabuɗi. Aka tambayi wakili, ya ce ya ba gafir ranar da zai fita da iyalinsa. Aka tambayi gafir, tsoho ne wanda bai san ta inda ake kunna ta ba, ya ce shi dai mutane sun zo sun ce mudir ne ya aiko su. Aka nemi daftarin da aka rubuta kayan a ciki, shi ma wai an wawashe. Wane irin ɓarawo ne zai bar kujera ya ɗauki tsohon daftari? A ƙarshe aka rubuta a takarda cewa kayan sun salwanta sakamakon yaƙi, kowa ya sa hannu, aka sha shayi aka watse.

Wani zai ce, haba malam, ƙasa ta rushe, mutane sun mutu, kai kuma kana maganar kwamfuta shida? Amsata ita ce, ba ƙarfen nake yi wa kuka ba. Idan kujera ta ɓata, kafinta zai ƙera wata. Kwamfuta kuwa rumbu ce. A cikin irin waɗannan na'urori ake ajiye sunayen yara da ranar haihuwarsu da sakamakon jarrabawarsu, da lissafin albashin malamai, da sunayen masu karɓar magani, da jerin masu hawasha da abin da ake bin kowa. Ku tuna yaran da ya kamata su zauna jarrabawar Shahadar Sudan a 2023, ba su samu sun zauna ba sai ƙarshen Disamba 2024, wasunsu a garuruwan da suka yi hijira, babu takarda ko ɗaya a hannunsu. Yaron da makarantarsa ta iya fito da sunansa da ajinsa ya huta. Wanda aka ce masa an wawashe, sai uban ya shiga yawon neman shaidu.

Mu kuwa Hausawan ƙasar nan, ya kamata mu fi kowa sanin darajar rubutu. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yo gabas, har suka sauka a bakin Nil Azraƙ kusa da Shaikh Ɗalha, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake a yau. Wasu kakannin namu hanyar Hajji ce ta kawo su, suka tsaya suka yi aiki a dam na Sinnar wanda aka gama a 1925, suka tsinci auduga a Jazira, suka haifi 'ya'ya da jikoki a nan. Amma da aka yi dokar jinsiyya ta 1957, sai aka ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko iyayensa maza suke zaune a Sudan tun ranar 31 ga Disamba 1897. Ku auna wannan da 1903, za ku ga inda aka bar mu. A dokar 1994 aka dawo da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956. Dattawanmu suna nan da rai, ku tambaye su irin zirga-zirgar da suka sha, da shaidun da aka ce su kawo, kafin a ba su takardar da wani yake karɓa a yini ɗaya. Mutanen da aka saba ce wa su kawo hujja, su ne bai kamata su yi wasa da rumbun hujja ba. Wanda ya ɗauke kwamfutar makarantar ƙauyensu ya goge abin da ke ciki domin ɗansa ya riƙa kallon ƙwallo, bai san cewa wataƙila sunan jikansa ya goge ba.

Kada kuma mu yaudari kanmu mu ce yaƙi ne ya kawo wannan hali. Yaƙi dai ya tarar da ƙofa a buɗe ne. A tsarin aikin gwamnati na ƙasar nan akwai wata kalma da duk tsohon ma'aikaci ya sani, ita ce uhda. Ma'anarta, duk abin da aka damƙa maka, tun daga mota har zuwa almakashi, an rubuta shi a daftari, an rubuta sunanka a gefensa, ka sa hannu. A ƙarshen shekara a yi jarad, wato a ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya a gwada da abin da ke rubuce. Idan aka yi maka canjin wurin aiki, ba ka tafiya sai ka miƙa wa magajinka komai hannu da hannu, ya sa hannu ka sa hannu, sa'an nan a ba ka takardar sallama. Abin da ya ɓata kuwa a cire daga albashinka. Malamanmu da suka fito daga Bakhtur Rida, makarantar horon malamai da aka kafa kusa da Duwem a 1934, haka suka tarbiyyantar da mu. Littafin karatu aro ake ba yaro a farkon shekara, alfa ya rubuta sunan kowa, a ƙarshen shekara a mayar, wanda ya yaga ko ya ɓatar ubansa ya biya. Sa'ad da muke kwalejin horon malamai, darasin riƙon daftarin makaranta darasi ne mai zaman kansa, kamar darasin tsara jadawali. Ba domin ana zargin kowa da sata aka yi haka ba. An yi ne domin kowane abu ya zama yana da mutum guda da za a kira a tambaya.

Yaya aka yi wannan ya lalace? Ni a ganina daga sama ruɓar ta faro, kuma mu mutanen Jazira a gaban idonmu aka yi. Mashru'in Jazira, wanda tare da Manaƙil ya haura fadan miliyan 2, yana da jirgin ƙasansa na kansa mai ƙananan layuka, wanda tsawonsa ya wuce kilomita 700, yana kwasar auduga daga gonaki zuwa injunan gurza na Maringan da Hasahisa. Yana da ma'aikatun gyaran injuna, da gidajen mufattishai, da ɗakunan ajiya. Kowace ƙofar ruwa tana da gafir da aka san sunansa. Bayan dokar Mashru'i ta 2005 aka sallami ma'aikata, aka yi ta rabuwa da kadarori, aka tumɓuke layin dogo aka sayar a matsayin tsohon ƙarfe. A 2009 kwamitin masana da hukuma da kanta ta naɗa ya rubuta rahoto a kan ɓarnar da aka yi. Babu harsashi ko ɗaya da aka harba a wannan wawaso, da takarda da hatimi aka yi shi. Yaron da ya tashi yana ganin an kwance layin dogo sukutum daga bayan gidansu, bai kuma ji an kira wani an tambaye shi ba, wane darasi kuke tsammani ya ɗauka? Ya ɗauka cewa kayan gwamnati ba na kowa ba ne, wanda ya riga kai hannu shi ne mai shi.

Sai dai fa wannan bayani ne, ba uzuri ba ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Muna zaune a majalisa muna la'antar waɗanda suka sayar da jirgin ƙasa, alhali a ƙarƙashin gadon wani daga cikinmu akwai kwamfutar asibitin ƙauye. Bambancinsa da su, su sun sami babba, shi ya sami ƙarama.

Ɓatan kwamfutar gwamnati ba a kanmu aka fara ba, har ƙasashen da suka ƙera ta suna fama da shi. Abin lura shi ne abin da ke biyo bayan ɓatan. A Amurka, a watan Mayu 2006, wani ma'aikacin hukumar kula da tsofaffin sojoji ya tafi gida da bayanan aiki a cikin na'urarsa, ɓarayi suka fasa gidan suka ɗauke ta, a ciki akwai bayanan mutum miliyan 26 da rabi. An gano ta bayan 'yan makonni, amma duk da haka hukumar ta amince a 2009 ta biya diyyar dala miliyan 20, saboda fargabar da aka jefa mutane a ciki. A Ingila kuma, a 2007, wani ƙaramin ma'aikacin hukumar haraji ya aika da faifai biyu masu ɗauke da bayanan mutum miliyan 25, suka ɓata a hanya. Shugaban hukumar, Paul Gray, bai taɓa faifan da hannunsa ba, amma ya ajiye aikinsa, ministan kuɗi kuma ya tsaya a gaban majalisa ya yi wa jama'a bayani. Ban kawo wannan domin in ce Turawa sun fi mu tsoron Allah ba. Abin da nake so a gani shi ne, a can an san ranar da abin ya ɓata, an san a hannun wa yake, an san abin da ke ciki, an kuma faɗa wa mutanen da abin ya shafa.

A wajen 'yan'uwanmu na Nijeriya kuwa, masu sauraron rediyo za su tuna labarin da ya bazu a 2018, cewa a ofishin hukumar jarrabawar shiga jami'a da ke Makurdi an nemi Naira miliyan 36 an rasa, aka ce wai maciji ne ya haɗiye. Duniya ta yi ta dariya, mu ma mun yi. To, mu a nan ba mu bukatar maciji, muna da yaƙi. Macijinmu ya fi nasu girman ciki, kuma ba mai yi masa dariya, domin kowa yana jin nauyin ya tuhumi mutumin da ya ce yaƙi ya cinye shi. A nan haɗarin yake. Uzurin da ba a iya tuhuma, shi ne maɓoyar da mai son zuciya ya fi so.

Yanzu sai a tambaya, to yaya za a raba mai gaskiya da maƙaryaci ba tare da an zalunci kowa ba? Alhamdu lillahi, ba sai mun je nesa ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu tun daga Sakkwato har Mai Wurno, ya riga ya raba mana tsakanin ajiya da aro. Wanda aka ba ajiya, idan ya ce kayan sun halaka, ana gaskata shi, ba ya biya, sai fa idan ya yi ta'addi a kansu. Wanda ya karɓi ajiya a gaban shaidu kuwa, idan ya ce ya mayar, ba a karɓar maganarsa kawai, sai ya kawo shaidar mayarwa. Shi kuma mai aro, idan abin da ya ara irin wanda ake iya ɓoyewa ne, ba a gaskata shi a kan cewa ya ɓata sai da hujja. Ku duba yadda wannan ya zauna daram a kan matsalarmu. Kwamfutar da aka kulle a kabad ɗin ofis aka zo aka fasa, ajiya ce ta halaka, babu biya. Wadda mutum ya sa hannu ya karɓa, ya ce ya miƙa wa wane, sai ya nuna inda wanen ya sa hannu. Wadda kuwa ya kai gida ya riƙa aikin kansa da ita, ya fita daga hukuncin mai ajiya. Malamanmu suna nan, a kai musu kowace mas'ala su warware. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. A dokar laifuffuka ta 1991, sashe na 177 ya yi magana a kan cin amana, ya kuma tsananta hukunci idan mai laifin ma'aikacin gwamnati ne, sashe na 181 kuma ya yi magana a kan karɓar kayan sata.

Wanda yake ganin gudun tsira ya ɗauke masa nauyin amana, ya tuna da tarihin Hijira. Sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai bar Makka ana neman ransa, ya bar Sayyidina Ali a baya domin ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali masu ajiyar nan ba mabiyansa ba ne. Mu da muke alfahari kakanninmu muhajirai ne, wannan shi ne gadonmu.

Akwai magana biyu da abokan aikina malamai za su faɗa mini, kuma dole in saurare su. Ta farko, za su ce an yi watanni da yawa ba a biya mu albashi ba, wanda ya sayar da kwamfuta ya sayi dawa ya ciyar da 'ya'yansa, me za ka ce masa? Ni ma malami ne, na san yadda tukunya take yini a kife. Abin da zan ce masa shi ne, yunwa tana iya sa a yi wa mutum rangwame, amma ba ta mai da ƙarya gaskiya. Ya zo ya ce, jama'a na sayar, ga dalilina, ga abin da aka ba ni, ku rubuta bashi ne a kaina. Wallahi na tabbata mutanen ƙauye za su yafe masa ko su sassauta, kuma zai fita da mutuncinsa. Gwamnati ta ci bashinsa, gaskiya ne, amma yaran aji shida ba su ci bashinsa ba, su kuwa aka cuta.

Ta biyu, za su ce idan aka buɗe wannan bincike, a kan gafir da ɗan aike zai ƙare, manya su sha. Wannan tsoro yana da tushe, mun saba ganin kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Maganinsa shi ne a fara tambaya daga wanda sunansa yake a takardar karɓar kaya, ba daga wanda ya fi kowa rauni ba. Mudir ne ya karɓa, shi zai fara bayani. Idan mahalliyya ce ta raba kayan, a ofishinta akwai kwafin takardar, a je a nema. Shugabanci ba kujera da hatimi kaɗai ba ne, har da tsayawa a amsa tambaya ranar da abu ya ɓaci.

Domin kada a ce babu mai iyawa a cikin irin wannan hali, ga misali daga Wad Madani. A Hukumar Binciken Aikin Gona akwai rumbun iri na ƙasa, inda aka tara dubban nau'o'in dawa da gero da riɗi da sauransu, waɗanda manoman ƙasar nan suka gada tun kaka da kakanni. Masu wawaso sun shiga, sun kwashe na'urorin sanyaya, sun watsar da iri. Ma'aikatan wurin suna da cikakken uzuri su ce an wawashe su naɗe hannu. Ba su yi haka ba. Tun kafin yaƙi sun riga sun aika da kwafin wani kaso na irin zuwa babban rumbun duniya da ke Sibalbad a ƙasar Norwe, a cikin yaƙin kuma suka ci gaba da tattara abin da za su iya tsirar da shi, har a watan Fabrairu 2025 aka sake ajiye irin Sudan a can. Mutanen nan 'yan ƙasar nan ne kamarmu, wahalar da muka sha sun sha. Abin da suka riƙe shi ne, abin nan a hannunmu yake.

Saboda haka ga shawarata ga kowane ƙauye, ba sai mun jira takarda daga Madani ko Sinja ko Damazin ba. Da farko, majalisar iyaye da malamai da liman da mai gari su zauna su yi jarad a fili, a rubuta abin da makaranta da asibiti suke da shi kafin yaƙi, gwargwadon abin da mutane suka tuna, da abin da ya rage, a karanta a bainar jama'a. Na biyu, a ba da wa'adin wata guda, a sanar a masallaci ranar Juma'a cewa duk wanda yake da kayan jama'a a gidansa ya kai wa liman, ko da dare ne, ba za a tambayi sunansa ba. Da yawa ba mugunta ce ta hana su mayarwa ba, kunya ce, sun rasa ta inda za su fara. A buɗe musu ƙofa. Na uku, duk kwamfutar da ta dawo ko aka kawo sabuwa, a juya bayanta a kwafi lambar da masu ƙira suka buga, a rubuta a daftari biyu, ɗaya a makaranta ɗaya a wurin shugaban majalisar iyaye, da sunan mutum ɗaya tak a gefenta. Na huɗu, abin da ke cikinta na sunayen yara da sakamako, a riƙa buga shi a takarda duk ƙarshen zango, a kuma sa kwafi a ɗan filashi a ajiye a wani gida dabam. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sauran magana ta masu saye ce da ta iyaye. Ɗan'uwa, idan aka kawo maka kwamfuta a kuɗin da bai kai na tunkiya ba, babu kwali babu rasit, wani lokaci ma da tambarin ma'aikata a jikinta an kankare, kai ma ka san daga inda ta fito. Ba domin masu saye ba, da kasuwar shafshafa ba ta ci ko yini ɗaya ba. Ke kuma uwa, kai kuma uba, idan yaro ya shigo gida da abin da kun san ba ku saya masa ba, shi kuma ba ya sana'ar da za ta saya masa, ku tambaye shi. Iyayenmu ko allura muka shigo da ita sai an ce wa ya ba ka, a kuma tasa ƙeyarmu har ƙofar gidan mai ita. A wannan tambaya ta tsakar gida ake fara koyon uhda, tun kafin a san daftari.

Ana ta maganar sake gina ƙasa, ana jiran taimako daga waje. Taimako zai iya zuwa, za a iya kawo sababbin kwamfutoci a cikin kwalaye. Amma wanda ya zuba ruwa a rariya ya san inda zai same shi. Idan ba mu koma ga al'adar rubuta suna a gefen kaya ba, da al'adar mutum ya miƙe ya ce ni ne, a hannuna take, ga yadda aka yi, to bayan shekara biyu za mu sake zama mu rubuta cewa sun salwanta, a ranar kuwa wataƙila babu yaƙin da za mu laɓe a bayansa.

Wanda yake da labarin ƙauyen da aka yi irin wannan zama aka dace, ya rubuto mana ta hannun edita domin wasu su yi koyi. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sadu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalam.